Takalmin Katako a Layin Taki

Ɗanasabe maigadi ya sa ƙafa ya yi ƙwallo da takalmin katakon, ya tafi yana gungurawa har sai da ya faɗa cikin kwata.

"Na wane ne wannan?" ya ce yana dube-dube, alhali ya san mai shi sarai. "Nan layin manoma ne, ba ƙofar masallacin Juma'a ba."

Raufu, Bayarabe mai facin keke, yana tsaye riƙe da bayan keken guragu na maƙwabcinsa Maharazu. Ya saki keken zai yi kan maigadin, Maharazu ya cafko gefen rigarsa. Hannun Maharazu kuwa in ya riƙe ka, to sai dai ka bar masa rigar.

"Ƙyale shi," in ji Maharazu. "Ɗauko min takalmina kawai, ka mayar inda yake."

A rumbun takin zamani na Tudun Maje, wani ƙauye da ke bakin hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi, ba mutum ke bin layi ba, takalminsa ke bi masa. Da an idar da asuba manomi zai zo ya cire ƙafa ɗaya ya ajiye a bayan na wanda ya riga shi, ya koma gindin ɗorawa da ɗayan a ƙafa, a yi ta hirar damina har ƙarfe tara, lokacin da akawu ke buɗe taga. Sannan kowa ya je ya zura ƙafarsa a nasa. Ba wanda ya rubuta wannan ƙa'ida, amma mutanen garin suna alfahari da ita, suna cewa ko Sarkin Noma ya makara, takalminsa a baya yake kwana. Shi kuwa Maharazu, tun yana ɗan shekara huɗu da shan-inna ta shanye masa ƙafafu bai ƙara sa takalmi a ƙafa ba. Nasa na hannu ne, katako biyu masu mariƙi da yake dogarawa da su in ya sauka daga keke. Ɗaya daga ciki ya ajiye da sassafen nan, shi ne na goma sha ɗaya.

Raufu ya tsamo shi daga kwatar, ya goge a jikin wandonsa, ya dire shi tsakanin wani takalmin taya da wani na roba mai tsinkakken hanci. Ɗanasabe ya ga idon jama'a a kansa, sai ya sauya salo. Ya lalubo sule a aljihu, ya ajiye wa Maharazu a cinya.

"Ungo, Malam. Je ka sha koko. Allah ya ba da haƙuri."

Maharazu ya kalli sulen, ya ɗago ya kalli mai sulen. Numfashinsa na fita da ƙyar, amma muryar tana nan yadda aka san ta.

"Ɗanasabe, dawa dami nawa ka ɗaure bara?"

Maigadin ya kau da kai.

"Ni arba'in na ɗaure, ban da auduga. Ɗauki abinka, kai ka fi ni bukata."

Aka kwashe da dariya a gindin ɗorawa. Dariya dai ba ta da tsada, kowa ya yi.

Wannan a daminar alif ɗari tara da tamanin da ɗaya ne, shekarar da rediyo ta yi ta shela safe da yamma cewa duniya ta keɓe ta don naƙasassu. Maharazu ya saurara, ya ce to madalla, bari ya je ya ga ko shelar ta iso tagar rumbu. Gonarsa eka uku ce a bayan rafi, gadon mahaifinsa. Huɗa kaɗai yake kiran masu shanu su yi masa, amma shuka da noman firi da maimai da tsinkar auduga duk da hannunsa yake yi, da wata 'yar gajeriyar fartanya da maƙeri ya ƙera masa. Shekara da shekaru a kasuwa yake sayen taki, wurin mutanen da ba su san inda gona take ba amma suna da hanya a rumbu. Bana kuwa an fito da sabon tsari, an ce kowane manomi a yi masa kati, katin ya bi gonarsa, duk damina a ba shi rabonsa. Katin nan ne ya kawo shi.

Ƙarfe tara aka buɗe taga, mutum goma suka karɓa suka wuce. Maharazu ya sauka daga keke, ya ja jiki zuwa gindin tagar. An yi tagar daidai ƙirjin mutumin da ke tsaye, don haka akawu Abdussamad, wani saurayi mai biro a bayan kunne, ya leƙo ya ga iska, ya ce, "Na gaba!"

Maharazu ya ɗaga katakon ya buga bangon sau uku. Akawun ya zuro kai ya duba ƙasa.

"A'a, Malam, lafiya?"

"Lafiya lau. Kati na zo a yi min."

"Ai ku naku ba nan ba ne. Ka je ofishin walwala, can ake raba muku barguna da sabulu."

"Na je. Sun ce taki ba nasu ba ne. Kuma auduga ba ta cin bargo."

Akawun ya cire biron daga kunne ya mayar. "Malam, kada ka ɓata min lokaci. Babu dokar da ta ce in ba gurgu taki."

"Akwai wadda ta ce ka hana shi? In akwai karanto min, ina ji. Ni abin da na ji an ce, manomi. Ba a ce mai ƙafa biyu ba."

"In na ba ka yau, gobe Sarkin Guragu ya cika min wurin nan da jama'arsa, su karɓa su kai kasuwa."

"Masu kaiwa kasuwa da ƙafafunsu suke zuwa. Ka san su, ni ma na san su, don a wurinsu nake saye."

Abdussamad ya sha kunu, sannan idonsa ya faɗa kan Raufu, fuskarsa ta saki kamar wanda ya ga mafita.

"Kai mai faci, ba tare kuke ba? Kawo sunanka in yi maka katin, ka karɓa ka ba shi. Shi ke nan, kowa ya huta."

Raufu, wanda tun da uwarsa ta haife shi a Sabon Garin Funtuwa bai taɓa riƙe ƙotar fartanya ba, ga shi ana miƙa masa katin manomi ba tare da ko tambaya ɗaya ba. Kuma gaskiyar magana, ya so ya karɓa. Har ya buɗe baki.

"Raufu," in ji Maharazu daga ƙasa, ko ɗagowa bai yi ba. "Ka faɗi sunanka a tagar nan, ni da kai har abada."

"Na gaba!" in ji akawu. Mai takalmin roba ya ɗan yi jim, sannan ya zagaye Maharazu ya miƙa hannu ta saman kansa. Na bayansa ma haka. Har aka rufe taga da azahar Maharazu yana zaune a gindinta, mutane suna ta ratsa shi, kowa na kallon wani wuri daban.

Da la'asar suna zaune a zauren Maharazu, Raufu ya fasa abin da ke cikinsa. Shekara ashirin ke nan bango ɗaya ya raba su. Shi ya haɗa masa keken nan da ƙarafan tsofaffin kekuna uku, shi ke sa masa mai, kuma shi kaɗai ne a garin yake iya yi masa tsawa ya kwana lafiya.

"Wallahi kai dai taurin kai zai kashe ka! Me Pius ya ce maka ranar Asabar? Ba a gabana ya faɗa ba?"

Pius shi ne mai ba da magani a ɗakin shan magani na garin. Ya danna kumburarren cikin Maharazu, ya saurari ƙirjinsa, ya ce zuciya ce ta gaji, ruwa ya taru, wannan ya fi ƙarfinsa, a kai shi asibitin Malumfashi ba tare da jinkiri ba.

"Na ji shi," in ji Maharazu.

"Ka ji shi, shi ne ka tafi ka wuni a rana don buhu biyu! Buhu biyu! Bari in karɓa da sunana, gobe mu shiga mota. Taki taki ne, ko sunan wa ke jikin takarda."

Daga bayan ƙofar cikin gida muryar Maijidda matar Maharazu ta fito a hankali, tana kiran Raufu da sunan 'yarsa. "Gaya masa dai, Baban Sikira. Ni na yi magana har na gaji. Jiya a zaune ya kwana, ya kasa kwanciya."

Maharazu ya daɗe yana haki kafin ya yi magana. Da ya fara, sai ya rage murya, ko da yake ya san tana ji.

"Raufu, kai ba yaro ba ne. Dubi fuskata. Kana ganin zan tsinki audugar nan?"

"Kai, bar wannan magana. Allah ke da rai."

"Shi ke da shi, kuma ina jin yana neman abinsa. To saurara. Katin nan gona yake bi. In an yi shi da sunana, ko bayan raina Maijidda za ta aika a karɓo mata, ta sa 'yan ƙwadago su noma, ta ci abinci. In da sunanka ne, ranar da ka tattara ka koma garinku Ogbomosho fa?"

"Wace Ogbomosho? A Funtuwa aka binne cibiyata."

"To ko ba ka koma ba. Duk damina ta aiko gidanka tana cewa a taimaka mata? Ni shekara hamsin ana miƙo min kwabo ina mayarwa. Ban yi bara ba, ba kuma zan bar mata bara gado ba."

Daga bayan ƙofar aka ji an ja majina. Haushi ya ƙara kama Raufu. Ya tashi ya karkaɗe wando ya ce shi dai ya faɗi nasa.

Washegari ma haka aka yi. Ɗanasabe bai taɓa katakon ba, ya dai yi kamar bai gan shi ba. Akawu ya ce na gaba, na gaba ya zagaya. Wajen hantsi aka tsuge da ruwa, jama'a suka ruga ƙarƙashin rumfar rumbu, Maharazu ya ƙi motsawa daga gindin taga. Raufu ya cire rigarsa ya riƙe masa a ka, ruwan na bin bayansa, yana zagin akawu da Hausa, da Hausar ta ƙare masa ya koma Yarabanci. Sun dawo gida Maharazu na rawar sanyi, leɓunansa sun yi toka-toka.

Rana ta uku da asuba Raufu ya ce ba zai tura ba.

"Na rantse ba da hannuna ba. In kashe kanka za ka yi, ka yi kai kaɗai."

"To," in ji Maharazu. Ya hau keke, ya kama abin murzawa, ya fita.

Raufu ya buɗe rumfarsa, ya ɗauko wata tayar da ba ta da laifin komai ya hau cire ta. Bai yi minti goma ba ya yi jifa da ita. Ya bi Maharazu, ya same shi a hawan da ke gaban masallaci, keken ya tsaya, yana ƙoƙarin komawa baya, Maharazu ya kifa goshi a kan ƙarfen yana neman numfashi. Raufu ya sa hannu ya tura.

"Rantsuwar fa?" in ji Maharazu, da ya samu iska.

"Zan yi kaffara. Yi min shiru."

Da suka isa, Raufu ya ajiye katakon a layi da kansa, na bakwai. Ya kai Maharazu inuwa. Sannan maimakon ya tsaya a bayan keken kamar kullum, sai ya taka zuwa tsakiyar manoman da ke gindin ɗorawa. Shi mutum ne da ya san matsayinsa a garin: baƙo ne ko da a nan ya tsufa, kuma abincinsa a hannun mutanen nan yake.

"Salamu alaikum. Ina da tambaya, ku yi min haƙuri, ni Bayarabe ne, ban san al'ada ba." Ba wanda ya yi dariya. "Tun da aka buɗe rumbun nan kuke zuwa rumfata kuna cika min kunne, wai a Tudun Maje ba a tsallake takalmin mutum. Ko Sarkin Noma. To kwana biyu ke nan ina tsaye ina ƙirga ku kuna tsallakewa. Shi ne nake so a fahimtar da ni. Takalmin ne ba takalmi ba, ko mai shi ne ba mutum ba?"

"Kai Raufu," wani ya ce, "mu ma fa layin muke bi. Mu muka hana shi? Damina na wucewa."

"Ita tasa audugar damina jiranta take yi? Wane ne a cikinku bai taɓa wucewa ta bayan rafi ya ga gonarsa ba? Wa ya fi shi tsabtar kunyoyin gona? Ku faɗa!"

Wani ya hau sosa ƙeya, wani ya tsira wa ƙafarsa mara takalmi ido. Raufu ya juya ya koma wurin keken, yana jin ya yi asarar rabin masu kawo masa faci a banza.

Ƙarfe tara taga ta buɗe. Mutum shida suka wuce. Maharazu ya ja jiki, sau biyu yana hutawa a 'yar tazarar nan, ya buga bango. Abdussamad ko leƙowa bai yi ba.

"Na gaba!"

Na gaban Baba Aƙilu ne, wani dattijo marar son magana, wanda gonarsa ke iyaka da ta Maharazu. Yana tsaye da ƙafarsa cikin takalminsa, bai motsa ba.

"Baba, kai nake kira."

"Akwai takalmi a gabana," in ji Baba Aƙilu.

"Zagayo mana."

"Yaro, ban iya ba. Na tsufa da koyon sabon abu."

"To na bayansa!"

Na bayansa shi ne mutumin da ya ce damina na wucewa. Ya kalli taga, ya kalli ƙeyar dattijon, ya tsaya inda yake. Akawun ya kira na bayan wannan, da na bayan wancan, har ya gaji da kira. Sai ya fusata.

"Wato haka ne? To yau ba wanda zai ga taki!" Ya ja tagar ya rufe, garam.

Baba Aƙilu ya tattara rigarsa ya zauna a ƙasa, nan inda yake. Ba shawara aka yi ba, gajiya ce irin ta tsoho. Amma na bayansa ya ga ya zauna shi ma ya zauna, haka aka yi ta yi har ƙarshen layi, mutum sama da sittin a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ɗanasabe ya zo da sandarsa yana muzurai, ya duba ya ga cikin mazauna har da surukinsa, ya koma bakin ƙofa ya tsaya yana nazarin sararin sama.

Rana ta take. Raufu ya tsuguna ya jingina Maharazu da ƙirjinsa, yana jin yadda numfashin ke gurnani a ciki. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, ya ce a ransa in mutumin nan ya cika a nan, da hannunsa ya turo shi.

"Mu tafi," ya raɗa masa. "Don Allah. Ka riga ka nuna musu."

"Ba nuni na zo yi ba. Kati na zo karɓa."

Sai da aka kusa azahar tagar ta sake buɗewa. Abdussamad ya leƙo bai ga kowa ba, don kowa yana ƙasa da taga. Ya san in har aka tashi ba a raba buhu ko ɗaya ba bayan shidan farko, gobe sai ya yi wa na sama da shi bayani, kuma bayanin ba zai yi daɗi ba. Aka ji ƙarar sakata. Ya fito ta ƙofar gefe da katin da tawadar dangwale, ya tsaya a kan Maharazu, ya ga ba yadda za a yi rubutu a haka. Dole ya tsuguna, ya ɗora katin a gwiwa.

"Suna."

"Maharazu Lawal."

"Gona."

"Eka uku, bayan rafi. Ga maƙwabcina nan, tambaye shi."

"Uku da ɗan ɗori," in ji Baba Aƙilu.

Akawun ya kai layin da aka rubuta sana'a, biron ya tsaya. Maharazu ya zuba masa ido, bai taimake shi da komai ba. Can dai ya rubuta.

"Karanta min abin da ka sa."

"Manomi," in ji Abdussamad, ciki-ciki.

"Ban ji ba. Kunnena ma ya fara tafiya."

"Manomi!"

Ya miƙo tawadar don a dangwala. Maharazu ya ture ta, ya zare biron daga hannunsa, ya rubuta sunansa da ajami, a hankali, harafi bayan harafi. Ba wanda ya yi tafi ko kabbara. Baba Aƙilu ya dafa ƙasa ya miƙe, ya matsa gaban taga yana jiran akawu ya koma ciki, layi ya ci gaba kamar ba a yi komai ba.

Buhu biyu aka ɗora a bayan keken, ɗaya na takin supa, ɗaya na takin kamfa. Raufu ya turo su har gida, gumi na zuba, yana mita cewa yanzu kam ba sauran hujja, gobe Malumfashi.

"Gobe," in ji Maharazu. "Na yarda."

Da safe Raufu ya shiga zauren ya same shi a jingine da buhunan, Maijidda ta sa masa matashi a baya. Katin yana hannunta, ta naɗe shi a leda. Fuskarsa ta ƙara kumbura, amma idon nan tar.

"Zan je bakin titi in tsare mota," in ji Raufu.

"Tsaya tukuna. In an riƙe ni a can, takin nan ba zai jira ba, audugar ta kai. Kamfa za ka fara sawa. Murfin kwalba ɗaya kowane tushe. Kada ya taɓa tushen, ka ba shi tazarar yatsa huɗu, ka rufe da ƙasa. Kana ji na? Ba watsawa za ka yi ba kamar barkono a miyarku."

"Ni zan sa? Ni me na sani a gona?"

"Ba ka san komai ba. Amma saura kaɗan a yi maka katin manomi, ai ka ga dole ka koya."

Ya yi dariya, dariyar ta zama tari. Raufu ya ce Allah ya shirye shi, ya fita da sauri.

Samun mota a ranar da ba ta kasuwa ba sai an yi haƙuri. Ya fi awa guda a bakin titi kafin ya samu wata mai zuwa Malumfashi da direbanta ya yarda ya shiga cikin gari. Suna karyo kwanar unguwar ya hango mata suna shiga gidan da mayafai, ya ji salatin Maijidda tun daga nesa. Ya ce wa direban ya tsaya. Ya sauka, ya ba shi haƙuri, ya tsaya a tsakiyar hanya har motar ta juya ta tafi, sannan ya zauna a dakalin wani gida ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun rasuwar mahaifiyarsa. Ya yi kukan rashi, ya yi na haushi, don har ga Allah yana ganin kwana ukun nan da an yi su a asibiti da wataƙila wani zance ake. Kuma ya san ko da za a dawo da kwanakin, haka zai sake turawa.

Bayan azahar aka kai shi. Jama'a ta taru fiye da yadda aka zata, har daga Tsiga da Danja. Ɗanasabe ya zo, ya kama makara, ya zo ya miƙa wa Raufu hannu yana cewa Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne. Raufu ya ce amin. Bai ce ya yafe ba, ba kuma wanda ya tambaye shi. Akawu bai zo ba, an ce yana fama da layi.

Kashegarin sadakar uku Maijidda ta yi masa magana daga bayan ƙofa. Tana takaba, ba ta fita.

"Baban Sikira, an yi ruwa jiya. Malam ya ce in ƙasa na da laima ake sawa."

"Na sani," in ji Raufu, ko da yake bai sani ba.

Ya ɗaure buhun kamfa a bayan kekensa, ya sa murfin kwalba a aljihu, ya haye rafi. Shekara ashirin suna maƙwabtaka, daga bakin hanya kawai yake hango gonar, bai taɓa shiga ba. Audugar ta kai kamu ɗaya da rabi, kore shar, ba ciyawa ko ɗaya. Ya zuba takin a ƙwarya, ya sunkuya ya fara: murfi ɗaya, yatsa huɗu, a rufe. Kafin ya kai rabin kunyar farko bayansa ya riƙe, ya miƙe yana dafe da ƙugu yana tsaki.

A nan ne ya lura da ƙasar da yake takawa. Kwarin da ke tsakanin kunya da kunya ya fi na sauran gonaki faɗi. A cikinsa akwai 'yan ramuka bibbiyu, zagayayyu, a jere tun daga inda yake har ƙarshen gona, inda gwiwoyin Maharazu suka yi ta sauka a maimai na ƙarshe. Ruwan jiya ya kwanta a cikinsu.

Raufu ya daɗe yana kallo. Sannan ya naɗe wandonsa, ya durƙusa, ya sa gwiwoyinsa a cikin biyun da ke gabansa. Ruwan da sanyi. Ya jawo ƙwaryar kusa, ya cika murfin, ya auna yatsa huɗu daga tushe, ya rufe da ƙasa, ya matsa zuwa biyu na gaba.